Shekarar da Masunta Suka Kawo Mini Kifin da Ba Nawa Ba

Na san kun sha jin wannan labarin a bakin mahaifiyarku, na kuma san yadda take ba da shi. Sai ta kai wurin kwandon kifi, ta tsaya, ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, sauran kuma ta bar ku ku ƙarasa da kanku. Shi ya sa jikokina suka taso da cewa kakansu ya taɓa satar jarida. Ban saci jarida ba. Abin da na yi ya fi haka ƙanƙanta a ido, ya kuma fi haka nauyi, don haka gara ku ji shi daga bakina tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

Da na ajiye aikin hedimasta na dawo gida Nguru na zauna, zaman ya so ya haukata ni. Mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya yana tashi da hayaniyar yara, sai ga shi ba abin yi sai ƙirga kajin mahaifiyarku Hajiya Yagana da gyara wa maƙwabta nahawu. Na fara shiga sha'anin kicin, ina tambayar me ya sa aka sa manja ba man gyaɗa ba. A ranar da na ce a canza wa randa wuri ne mahaifiyarku ta kira ki a waya, ke Falmata, tana cewa ki zo ki samo wa ubanki aiki tun kafin ta tattara ta tafi gidan yayanta. Ke kika buɗe mini shafi a intanet, kika sa masa suna Majalisar Malam Kyari, kika nuna mini inda ake latsawa a rubuta da inda ake latsawa a wallafa. Kika ce tunda ba abin da nake so irin in ji labari in ba wani, to ga majalisar da ba a tashi.

Aikin ya karɓe ni. Da na dawo daga sallar asuba sai in kunna rediyo, in ɗauki littafi ina rubuta abin da ya shafe mu. Da hantsi in zaga kasuwa in ji yadda gero da wake suka kwana, in leƙa tasha in tambayi direbobi ko hanyar Machina ta biyu, in ji wa ya rasu, wa ya yi haihuwa, wane gari aka yi ruwa. Da rana kuma in bi jaridun Turanci a waya, duk abin da na ga ya taɓa yankinmu in mayar da shi Hausa. Mutanenmu da ke Legas da Kano da Fatakwal suka yi ca a kan shafin. Wani direban tirela ya rubuto mini cewa a wurina ya fara jin an yi wa ƙanwarsa baiko. A farkon lamari aikina tsaf yake. In na ɗauko labari, layi biyu ko uku nake kawowa, in ce gidan rediyo kaza ne ya faɗa, ko jarida kaza, mai son ƙari ya je can. To amma yabo yana da daɗi, kuma rubuta sunan wani a ƙarƙashin abin da ake yaba maka yana rage daɗin. A hankali layi uku ya zama goma, goma ya zama labarin gaba ɗaya, sunayen kuma suka yi ta zubewa, har na wayi gari ba abin da nake sawa a ƙasa sai kalma biyu: daga majiyarmu. Ban taɓa zama na yanke shawarar yin haka ba. Zamewa na yi ta yi.

A damina ta uku da buɗe shafin, wata safiya na ci karo da wani rubutu na Turanci a wani ɗan shafi da ban taɓa jin sunansa ba. Labarin wani ƙauyen masunta ne tsakaninmu da Gashua, inda ciyawar kachala ta toshe magudanar ruwa, kifi ya ƙaura, ruwa ya koma yana cin gonakin shinkafa. Kowa a nan ya san kachala, ba sabon abu ba ne. Amma wanda ya yi wannan rubutun ya shiga wurin da kansa. Ya faɗi yadda maza ke shiga ruwa har ƙirji da lauje tun safe, yadda ganyen ke tsaga hannu, yadda wata tsohuwa ta nuna masa murhun bandar kifinta da kaza ta yi ƙwai a ciki saboda daɗewar da ya yi ba a hura shi ba. Na karanta sau biyu. Na ce wannan bai kamata ya tsaya a Turanci ba, mutanen da abin ya shafa ba za su gani ba. Na zauna na fassara shi tun daga farko har ƙarshe, na yi gumi a kansa, na zaɓo kalmomi masu kyau, kuma ina ganin wannan gumin ya ba ni haƙƙi. Ko sunan marubucin ban tsaya na duba ba. Inda aka ce "na shiga kwale-kwale", na rubuta "na shiga kwale-kwale". Kafin azahar na wallafa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Wayata ta yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Aka yi ta turawa, aka karanta shi a majalisu, wani ya ɗauki muryarsa yana karantawa ya watsa. Kafin wata ya ƙare hukuma ta tura mutane da injin suka buɗe magudanar. Wata ƙungiyar matasan garin nan ta aiko mini da takarda cewa za ta karrama ni a taronta na ƙarshen shekara. Na sa aka ɗinka mini sabuwar babbar riga. A masallaci mutane na riƙe hannuna suna cewa, Malam, da girmanka ka shiga ruwa saboda talakawa. Ni kuma sai in ce a bar maganar, yi wa kai ne. Mahaifiyarku kaɗai ta ƙi shiga sahu. Ranar da Falmata ta karanta mata rubutun a tsakar gida, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, yaushe ka shiga kwale-kwale?"

"Salon rubutu ne, Hajiya. Ba za ki gane ba."

"To. Ni dai na san in aka yi ruwa zagaye kududdufin ƙofar gida kake yi."

Wata Talata da hantsi aka yi sallama. Na fita na tarar da dattawa biyu a zaure, fatarsu ta sha rana da ruwa, ga wani babban kwando a gabansu an rufe da buhu. Tun kafin a buɗe ƙanshin banda ya cika zauren. Babban ya ce shi ne Sarkin Ruwan ƙauyen masuntan nan, ɗayan kuma ƙanensa ne. Muka gaisa, aka kawo ruwa, suka sha. Ya ce ruwa ya buɗe, kifi ya fara dawowa, an ce musu a shafin Malam Kyari maganarsu ta fita, shi ne jama'a suka haɗa wannan suka ce a kawo. Ya yaye buhun. Tarwaɗa ce manya-manya da ƙarfasa, an yi musu banda har suna sheƙi. Ina cikin godiya sai ya leƙa ta bayana wajen ƙofar cikin gida.

"Malam, ina malamar? Muna so mu gaishe ta."

"Wace malama?"

"Wadda ka turo mana mana. Malama Zainabu. Ai kwana uku ta yi a wurinmu. Matana har yanzu suna maganarta. Rana ta biyu zazzaɓi ya kama ta, muka ce ta koma, ta ƙi. 'Yarka ce, ko cikin ma'aikatanka take?"

'Ya'yana, a duniya ban taɓa jin zaure ya yi mini ƙanƙanta irin na ranar ba. Gaskiya tana bakin harshena, amma ga dattawa sun yi tafiya, ga kifi, ga maƙwabcina Alhaji Bukar ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Sai na ji bakina ya ce, "Ba ta nan yanzu." Sarkin Ruwa ya ce to in ta dawo a gaishe ta, a ce mata tsohuwar nan ta hura murhunta. Na raka su har bakin titi. Da na ɗauko kwandon na shiga gida, na tarar da mahaifiyarku tsaye a bayan ƙyaure, inda ta ji komai.

"Ba ta nan yanzu," in ji ta. "Ina ta tafi? In ɗora mata abinci?"

"Hajiya, don Allah."

"Ajiye shi can. Wannan kifin ba zai shiga tukunyata ba. Mai shi tana wani wuri."

Haka kwandon ya zauna a kan turmi, an ɗora masa faranti da dutse saboda kyanwa. Da yamma Falmata ta zo, ta karɓi wayata, ta bi sawun rubutun har ta gano ɗan shafin nan. Sunan yana nan a sama ƙuru-ƙuru, Zainabu, malamar Turanci a wata makarantar 'yan mata a Gashua. Sannan ta buɗe mini wani akwatin saƙo da ban ma san da shi ba, inda saƙon waɗanda ba ka sani ba ke taruwa. Akwai nata guda biyu. Na farko tun ranar da na wallafa, cikin ladabi, tana roƙon in sa sunanta. Na biyu bayan sati uku. A ciki ta ce ta daɗe tana neman wata jarida ta ɗauke ta wakiliya a wannan yanki, kuma wannan rubutun ta tura musu a matsayin gwaji. Editan ya amsa mata cewa sun ga labarin yana yawo da Hausa da sunan wani dattijo sananne, ranar fitowarsu ɗaya, kuma su ba sa ɗaukar mai fassara aikin wasu ta ce nata ne. Ta rufe da cewa, "Baba, an ce ni na sace maka." Falmata ta karanta wannan layin da ƙarfi.

Aka yi zaman shawara a kan tabarma, kowa da nasa. Kai Modu, ba zan ɓoye ba don kana da 'ya'ya yanzu, cewa ka yi in goge rubutun kawai in yi shiru, kowa haka yake yi, intanet ba ta da mai ita, bayan sati ba wanda zai tuna. Falmata ta ce a'a, a dai ƙara sunanta a ƙasa a hankali ba tare da surutu ba. Ni kuwa na tsaya kare kaina da ƙarfi, irin na wanda ya san ba shi da gaskiya. Na ce labari ba gonar kowa ba ce. Na ce tun kakanni in mutum ya ji abu a kasuwa yana zuwa ya faɗa a majalisa, ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo. Na ce ba don fassarata ba da har yau kachala na nan. Mahaifiyarku ta bari na gama tas.

"Malam, yayana dillalin shanu ne, ka san shi. Yakan kama igiyar saniyar mutum ya zaga da ita kasuwa, ya yabe ta, ya samo mata mai saye, ya ci ladansa, kowa ya gode masa. Amma ban taɓa jin ya ce shi ya yi kiwonta ba."

Washegari bayan la'asar na je wurin Goni Mustafa, abokina tun muna yara, wanda ke ba da karatu a zaurensa, ina fatan ya samo mini wata kafa. Na tsara masa maganar yadda za ta yi mini kyau. Ya saurara yana murmushi, ya cire tabarau ya goge.

"Kyari, kai da ka zauna a gabana muka karanta hadisi. Ka taɓa jin na ce daga majiyarmu? Wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Mutanen nan sun yi tafiyar wata a kan raƙumi don su ji magana ɗaya daga bakin mai ita, kuma ba su jefar da sunan kowa a hanya ba. Kai suna ɗaya tal aka ba ka ka riƙe."

"To yanzu me zan yi?"

"Motar Gashua ba ta ƙare ba."

Ranar Asabar na sa tsohuwar rigata, na ɗauki kwando na nufi tasha. Kwandastan ya so ya ɗaure shi a bayan mota, na ce a cinyata zai zauna. Kafin mu kai Jajimaji duk motar ta san da kifin. Wata mata ta taya, wani ya ce ko na biki ne, wani kuma ya gane ni ya ɗaga murya yana gaya wa jama'a cewa ga dattijon da ya shiga ruwa ya yaƙi kachala. Aka yi ta sa mini albarka har Gashua, ni kuwa ina kallon taga ina jin kamar in sauka in ƙarasa da ƙafa.

Gidan Zainabu na wata unguwa kusa da kogi. Mijinta, Malam Adamu, kafinta ne, mutum mai fara'a, shi ya tare ni a ƙofa da fensir a bayan kunne. Da na faɗi sunana sai ya ja baya ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da dariya, ya ce, "Kai ne? Wallahi na zaci wani ƙaton saurayi ne mai gilashi. Na yi wata ina shirya abin da zan gaya maka, ga shi ka zo da furfura ka ɓata mini shiri." Ya shimfiɗa mini tabarma, ya shiga ya kira ta. Ta fito da goyo a baya, 'yar siririya, ba za ta wuce sa'ar Falmata ba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda 'ya ke gaida uba, abin da ya fi zagi yi mini ciwo. Na tura kwandon gabanta, na isar da saƙon Sarkin Ruwa, har da maganar tsohuwa da murhunta. Nan idonta ya kawo ruwa, ta juya ta yi wa mijinta magana da yarensu na Badanci, suka yi dariya tare. Sai na ce na zo neman gafara, amma ina so ta fahimci cewa ni niyyar taimako na yi, kuma aikina ke nan, tattaro labarai.

"Baba, ni ma ina karanta shafinka," in ji ta. "A can nake jin farashin wake. Tattarowa ba laifi ba ne, ana buƙatarsa. Kachala ta toshe ruwa, wannan ba nawa ba ne, kowa na iya faɗa. Da ka je ka gani ka rubuta naka, ko ka kira Sarkin Ruwa ka tambaye shi, ba ruwana. Da ka ɗauki layi uku ka ce Zainabu ce ta rubuta, ga inda za ku karanta sauran, da ni zan zo Nguru da goro. Da ma ka tambaye ni izinin fassara shi duka, da gudu zan ba ka, don uwata ba ta jin Turanci, a bakinka ta fara jin abin da 'yarta ta rubuta. Amma kwana ukun nan nawa ne. Zazzaɓin nawa ne. Wannan yaron na bar shi wurin kakarsa yana kuka. Sai na buɗe waya na ga ka ce kai ka shiga kwale-kwalen."

"Fassarar fa? Ai na sha wahala a kanta."

"Ta yi kyau ƙwarai. Wani wurin ma ta fi nawa daɗi. Sai ka rubuta cewa kai ka fassara."

Na shekara talatin ina kama yara da satar amsa, ina jan kunnensu, ina cewa ko ka canza rubutun hannu amsar ba taka ba ce. Ga shi yarinya sa'ar 'yata ta zaunar da ni a kan benci. Na tambaye ta me take so in yi. Ta ce ba ta son komai sai editan nan ya san ba ta yi sata ba. Na ce ta ba ni takarda da biro. A nan kan tabarmar, Malam Adamu na riƙe mini katako ina dannawa, na rubuta abin da zan wallafa. Na faɗi sunanta da na shafinta. Na ce ita ta je, ita ta gani, ita ta rubuta, ni fassarawa kawai na yi ba da izininta ba, na cire sunanta na bar mutane suka zaci ni ne. Na ce ban taɓa taka ƙauyen nan ba, kuma rabona da kwale-kwale tun ina saurayi. Ta karanta, ta ce, Baba, wannan na ƙarshen ba dole ba ne. Na ce shi ne ma dole. Ba su bar ni na tafi ba sai da aka dafa kifin, muka ci da tuwon shinkafa ni da Malam Adamu, kuma ban taɓa cin tarwaɗa mai daɗinta ba.

Na wallafa a ranar, na kuma sa Falmata ta mayar da shi Turanci muka aika wa editan da sunana da lambata. Kada wani ya gaya muku abin ya zo da sauƙi. Mutane da dama sun bar shafin, wasu da zagi. Waɗanda suka fi yabona da farko su suka fi zafi. Ƙungiyar matasa ta aiko cewa an ɗage taron karramawa, daga baya na ji an yi shi ba ni. Sabuwar babbar rigar sai a sunan ɗan Modu na sa ta. A majalisar ƙofar gidan Alhaji Bukar aka laƙaba mini Sarkin Ruwan Tudu, kuma har gobe akwai masu kirana da shi, ina amsawa. Kai Modu ka yi sati biyu ba ka zo gidan nan ba saboda tsiyar da abokan aikinka ke yi maka, na sani, ban kuma riƙe ka ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne komawa baya. Na bi rubuce-rubucen shekara biyu ɗaya bayan ɗaya, duk inda na sa daga majiyarmu na nemo mai shi na sa sunansa, na rage abin da na kwaso ya koma 'yan layuka. Wanda na kasa gano mai shi na goge. Ya ɗauke ni har bayan girbi. Abin dariya kuma, wani shafi a Damaturu ya kwashe takardar ban haƙurin nan tawa kaf, ya wallafa ba suna. Mutane suka yi ta tambayar mai shafin yaushe shi ma ya ƙi shiga kwale-kwale.

Editan bai amsa mini ba, amma ya kira ta. Ba su ɗauke ta nan take ba, sai da suka sake ba ta wani gwajin, ta yi, sannan suka fara karɓar rahotonta. Yau in kun ji ana maganar rahoton da ya fito daga bakin kogin nan, galibi nata ne. Da izininta nake fassara su yanzu, sunanta a sama, nawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mahaifiyarku da ita kuwa sun ƙulla abin da ya fi ƙarfina, har ta kai in sun yi waya ni ake aika in kawo caja.

Wata rana da rani Zainabu ta ce mini, Baba, ka iya rubutu, me zai hana ka je ka samo naka? Maganar ta zauna mini. Na taɓa jin labarin wani tsoho mai haƙar rijiya a wani ƙauye bayan Machina, wanda rabin rijiyoyin yankin hannunsa ne, kuma ba ɗa ko ɗaya da ya yarda ya gaje shi. Na shirya na tafi. Motar ta kafe a yashi sau biyu, muka sauka muka tura, da furfurata. Na isa aka ce tsohon ya tafi ta'aziyya wani gari, sai gobe. Na kwana a zauren mai gari, sauro ya yi biki. Da tsohon ya dawo ya ƙi magana, ya ce shi bai ga abin faɗa a haƙar rami ba. Sai da na wuni ina binsa, na riƙe masa igiya, na sha ruwan rijiyarsa na yaba, sannan bakinsa ya buɗe, ya gaya mini yadda yake ɗanɗana ƙasa ya san ko ruwa na kusa, da sunan abokinsa da rijiya ta rufta da shi suna samari. Na dawo gida bayan kwana huɗu da ciwon baya da tari. Na yi kwana biyu ina rubutu, abin duka bai cika shafi biyu ba. Na wallafa na zauna ina jiran waya ta yi ƙara. Ba ta yi ba. 'Yan tsiraru suka karanta, ɗaya ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun gero.

Kwana uku bayan haka Falmata ta shigo da sauri ko sallama ba ta gama ba, ta miƙo mini wayarta. Shafin Zainabu ne. Ta ɗauko layi uku daga rubutuna, wurin ɗanɗana ƙasa, ta rubuta a sama: Malam Kyari na Nguru ya je bayan Machina da kansa ya zo mana da wannan, ku shiga shafinsa ku karanta sauran. Na karanta, na sake karantawa, na cire tabarau na goge na kuma karantawa. Mahaifiyarku ta leƙo daga kicin ta ce me ya faru na yi shiru haka. Na ce ba komai, sunana na gani.

"Yau ka fara ganinsa?"

Na ce mata, a kan abin da yake nawa, yau na fara.